Inda Ciyawar Tekunmu Ta Shiga

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Shugaban Taro, Hajiya Shugabar Makaranta, malamanmu, iyayenmu da suka taso daga Roni, Gwiwa da Babura, 'yan'uwana ɗalibai, barkanku da zuwa. Sunana Ikilima Hamma, 'yar aji biyar. Ban saba magana a gaban manya ba, saboda haka ku yi haƙuri da ni.

Ina godiya ga iyayen da suka tura mu, mu shida, ziyarar ilimi Legas, da kuma Malam Lauwali, malaminmu na nazarin halittu, wanda ya raka mu har bakin teku. An ce in yi bayanin ciyawar teku, sannan in buɗe akwatin nan in nuna samfuran da muka tsinto. Hajiya ta yi alkawarin idan suka ƙayatar, ƙannenmu ma za su je baɗi.

Na farko, ciyawar teku ba ciyawa ba ce. Danginta gansakuka, irin wadda muke gani a bakin dam ɗin Kazaure. Ba ta da saiwa, ba ta yin fure, ɗan gindi kawai gare ta da take riƙe dutse da shi.

Na biyu, da launi ake fara gane ta. Akwai koriya, shara-shara, har ana ganin yatsa ta bayanta. Akwai mai ruwan ƙasa, mai 'yan ƙulalai kamar ƙwayar dawa, cike da iska, su suke hana ta nutsewa. Akwai ja, siririya mai rassa, kamar taliyar hannu.

Na uku, jama'a, shi ne mai wuyar faɗa.

Ni aka ba ajiyar samfuran a lokacin hutu. Da na ga sun fara fumfuna, sai na shanya su a kan tabarma, kusa da inda kakata Inna Fatu take shanya lalo da yakuwa, na tafi ɗebo ruwa. Ko da na dawo, na tarar da ita a bakin turmi. Ta ce, "Ke 'yar nema, kin kawo tsaraba tun daga Ikko kika ɓoye mini? Ganye har da gishirinsa!" Na ce, "Inna, na makaranta ne." Ta ce, "To makaranta ba ta cin tuwo ne?"

A ranar Malam ya zo gidanmu karɓar samfuran. Kun san ba a barin baƙo ya tafi haka. Baffana ya shimfiɗa masa buzu a zaure, ni kuma aka ce in kai kwano. Na durƙusa, na buɗe baki in gaya masa abin da ke cikin miyar, kunya ta hana ni. Ya tambaye ni ajiyarsa, na ce tana kusa. Wallahi ban yi ƙarya ba.

Malam, ka gafarce ni. Miyar nan da ka ce a ƙaro maka, har ka tambayi ko karkashi ce, duk ukun suna ciki.

Saboda haka, Hajiya, babu komai a akwatin nan sai takardu masu sunaye. Laifina ne, ba na Inna ba, ba na Malam ba, ba kuma na ƙannenmu ba. Ina roƙon ki, ina roƙon iyayenmu, kada a hana su ganin teku saboda ni. A tura su, su ɗebo wasu, a ba su akwati mai kwaɗo. Inna tana can layin baya, ta ce a gaya musu koriyar ta fi daɗi.

Allah Ya saka wa iyayenmu da alheri, Ya ƙara wa malamanmu lafiya da haƙuri, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.