Ba Ni Na Yaye Tabita Ba

Salama gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa mata na zumunta. Ni ce Saratu ta Bakura, kakar Dauda da Tabita. Ban iya alƙalami ba, Malama Rifkatu ce ke rubuta abin da nake faɗi. Shaidata ba mai daɗin ji ba ce, amma gaskiya ce.

Tun ina yarinya a ƙauyenmu can wajen Maradun, Rariya uwata take kirana. A aike ni gishiri, in dawo da labarin wata akuya. In ɗora tukunya, in tashi shara, in bar tsintsiya in kama tsinkar rama, sai ƙauri ya kira ni. An doke ni, an yi mini turare, an ce iska ce. Na yi aure, na haihu, na binne miji, ina nan yadda nike. Ko addu'a ban taɓa kai ta ƙarshe ba. In fara da Ubanmu na sama, in tsinci kaina ina tunanin irin albasa.

Kun san al'ada, in yaro ya isa yaye, gidan kaka ake kai shi. Shekara huɗu ke nan autata Rahila ta kawo mini Dauda. Na yi murna, ina ce mishi, "Maigidana, yau ka dawo ɗakin uwargida." Kwana na uku na goya shi zuwa fadamar albasa a Bakolori, don ranar ruwanmu ce. Na aje shi gindin iccen bedi da kununsa, na tafi buɗe ruwa. Sai ga akuya cikin iri, na bi ta. Na gamu da wata mata, munka shiga zancen gyaɗa, munka biyo hanya. Na iso gida, na hura wuta. Sai idona ya faɗa kan ɗan takalminsa a bakin ƙofa.

Malam Isa maƙwabcin gonarmu ne ya tsince shi, zaune a bakin magudanar ruwa, ƙafafunsa biyu ciki. Rahila ta zo ta ɗauki ɗanta ranar. Ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni.

Bana da Tabita ta kusa yaye, na aika mata cewa na gyara ɗaki. Ta zo da kanta ta ce, "Inna, akwai likitan ƙwaƙwalwa a Sakkwato. In ya duba ki, ya ba ki magani, zan kawo ta." Na ce, "Mahaukaciya kika mai da ni?" Ta ce, "Ɗiyata nike so ta dawo da rai." Na ɗauki mayafi na bi ta.

Likitan yaro ne, amma mai ladabi. Ya yi ta tambaya har rana ta take. "Mama, kina ɓatar da kaya? Kina iya zama har a gama wa'azi? Kina tsoma baki kafin mutum ya ƙare magana?" Ban bari ya ƙare ba na ce ban yi. Rahila ta yi dariya, ni ma na yi. Sannan ya ce abin ya yi kama da wani yanayi da ake haihuwar mutum da shi, hankali ba ya tsayawa wuri guda. ADHD suke ce mishi, in ji Rahila. Amma ga mai shekaruna, tsufa ma yana kawo mantuwa, don haka sai ya tabbatar haka nike tun yarinta. Ya nemi takardun makaranta. Na ce ban taɓa taka aji ba. Ya nemi wanda ya san ni ina ƙarama.

Mutum ɗaya ta rage mini, Yaya Lami, can ƙauyenmu. Kunnenta ya mutu, waya ba ta shiga garin, hanyar kuwa kun san yadda ta zama, ba direban da ke binta. Likita ya aje alƙalami. Ya ce ba zai rubuta abin da bai tabbatar ba, kuma ko da ya tabbatar, maganin wuyar samu gare shi, ga hawan jinina da zai iya hana a ba ni. Ya koya mini dabaru: aiki ɗaya a lokaci ɗaya, kowane kaya da mazauninsa, kuma kada in zauna da yaro ni kaɗai.

A mota muna dawowa, Rahila na kallon taga, ni kuma na sunkuyar da kai. Na ce, "Ubangiji, shekara sittin da ɗoriya ina ce wa kaina la'ananniya. In kai ne ka saƙa rariyar nan, to ka san inda take yoyo. Ban da abin kawo maka sai ita." Iyakar addu'ar ke nan. Gajeriya ce, shi ya sa na kai ta amin. Daga ranar na daina zagin kaina in tukunya ta ƙone. Wannan shi ne ceton da anka yi mini, ba wani.

Ban warke ba. Jiya ma na nemi tsintsiya tana hannuna. Yaya Lami na tsufa, ni ma haka, kuma ban sa ran hanya ta buɗe kafin ɗayanmu ta tafi.

An kai Tabita yaye gidan kakarta ta wajen uba a Talata Mafara. Ranar Lahadi Rahila ta kai ni ganinta. Na ɗauke ta na ce, "Ƙawata, kin guje ni ko?" Ta ja mini ɗankwali. Rahila na tsaye kusa da mu, ba ta zauna ba har munka tashi. Ban ga laifinta ba.

Ina gode wa Allah da ya sa Malam Isa bin bakin ruwa ran nan. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, ko da bai ba ku abin da kunka roƙa ba. In kuma kuna da yarinya irina a gida, ku aje bulala, ku kai ta a duba tun masu shaidarta suna da rai. Ɗakin da na gyara yana nan a share. Amin.