Aljihun Hagu

A ɗakin jiran likitan zuciya, wani tsohon direba yana ta kokawar cusa waya a aljihun ƙirjinsa, ta ƙi shiga. Dattijuwar da ke gefensa ta kasa haƙuri.

"Malam, aljihun ne ya yi yaji?"

"Ɗinke shi aka yi, baiwar Allah. Tun da aka dasa mini injin nan mai saita bugun zuciya, likita ya ce kada waya ta kusance shi. Shi ke nan mai ɗakina ta bi rigunana kaf da allura."

"An ce in zuciyar ta yi gardama, injin shurinka zai yi kamar jaki."

"Shurin da sauƙi! Dubi ɗinkin, kamar tafiyar tsutsa. Ita da ba ta ganin kafar allura, duk ta sossoke yatsunta."

"Au, har yatsun ka duba?"

Ya shafa ɗinkin.

"Na ƙirjin, in batirinsa ya ƙare, a canja maka wani," in ji ta. "Mai allurar fa?"

Ya yi gyaran murya, ya danna wayar, ya kai kunnen dama.

"Ke, na iso lafiya. Yaya hannun?"