Yadda Orest Hnatiuk Ya Riƙe Ni, Ya Kuma Sake Ni

Rabaran Fada, mai girma Magajin Gari, shugaban ƙungiyarmu da masu horarwa, tsofaffin 'yan wasa da na yanzu da nake hangowa can baya kun takure cikin kwat kamar an ɗaure ku, Mama Halya matar marigayi, 'yarsa Larissa da yara, jama'ar gari, barkanmu da zuwa, sannunmu kuma da wannan rashi.

Sunana Réal Gaudet. Shekara goma sha biyu na yi ina sa rigar wannan ƙungiya ta hokin ƙanƙara. Da Larissa ta kira ni ta ce ni zan yi magana yau, na ce, "Larissa, kin manta babanki ya taɓa sallamata?" Ta ce, "Ai shi ya sa. Wanda bai sallama ba, rabinsa kawai ya sani." Haka ta ɗaure ni, ga ni.

Orest Hnatiuk ya kasance manajan ƙungiyarmu fiye da shekara ashirin, kuma kun san abin da aikin ya ƙunsa. Hukumar gasa ta ja layi ta ce ga iyakar albashin da za a raba wa dukan 'yan wasa, ko mai ƙungiya yana da rijiyar mai a bayan gida ba zai ƙara dala ɗaya ba. Bargo ne guda, ka ja wa wannan ƙafar wancan ta fito. Duk ƙarshen kakar wasa Orest ne ke zaɓar wanda ƙafarsa za ta kwana a waje, kuma bai taɓa tura wani ya yi masa wannan aiki ba.

Ya kasance mutumin da bai yarda da wasannin kofi na ƙarshen kakar wasa ba, abin da a garin nan ya kusa zama saɓo. Mu fa mun san halinmu. Mutum ya yi wata shida yana gyangyaɗi a fili, ya ci ƙwallo uku a watan Mayu, sai mu raɗa wa jariri sunansa. Wani ya ɗauki ƙungiya a kafaɗa tun Oktoba, ya yi tuntuɓe a mako biyun ƙarshe, sai mu ce a sayar. Orest yakan ce, "Wata biyu ne kawai, kowa da gemu, kowa da ƙarya." Gemun kun sani, ba ma aski sai an fitar da mu. Ƙaryar kuwa ta ciwo ce. A wasannin kofi ba mai faɗin inda ya ji rauni, domin abokan karawa nan za su sara da sandar wasa. Wasunmu har likitan ƙungiya muke ɓoye wa, kada a zaunar da mu a benci.

Saboda haka yana da tasa hanyar. Ranar da muke kwashe kaya bayan an fitar da mu, sai ya tsaya a ƙofar ɗakin sa kaya ya yi musabaha da kowa. Ya matse hannunka, ya finciko ka, ya dafa kafaɗarka da ƙarfi, idonsa na kan fuskarka. Baƙi sun ɗauka gaisuwa ce. Mu mun san bincike ne.

Shekarar da muka kai zagayen ƙarshe muka faɗi, ban ci ƙwallo ko ɗaya ba. Cody Brandvold, wanda muke shiga fili a layi ɗaya da shi, ya ci goma sha ɗaya. Kwantiraginmu ya ƙare tare, abin da ya rage a ƙarƙashin iyakar albashi kuma na mutum ɗaya ne. Gari ya riga ya yanke hukunci. Wani a gidan mai ya ce wa matata Colette, "Madam, don Allah ki nuna wa maigidan inda raga take." Ga ciki gare ta, ga babbar 'yarmu ta fara makaranta, mu kuma ba mu san garin da za mu kwana a Satumba ba.

Da na iso ƙofa sai na miƙa masa hagu. Ya ce, "Gaudet, a gidanku da hagu ake gaisawa?" Na miƙa dama. Da ya matse, sai ga ni a durƙushe. Ya ce, "Tun yaushe?" Na ce, "Tun zagayen farko, Oga." Ya ce, "Kai, ɗan banza! Wata biyu da karyayyen wuyan hannu, kuma ba wanda ya wuce ta gefenka. Tashi ka je asibiti kafin in ƙarasa shi."

Ni ya riƙe, ya saki Cody. Cody mutumin kirki ne, ya samu babban kwantiragi a wani wuri, ga furanninsa nan ya aiko. Amma Orest ya ce rabin ƙwallayen nan a ƙafafun mutane suka daki suka shiga, sa'a kuma ba a ba ta kwantiragin shekara biyar. Na roƙe shi ya faɗa wa 'yan jarida batun hannuna ko ya samu sauƙin zagi. Ya ce, "In faɗa, baɗi duk mai sanda ya san inda zai sara? Bar su su zage ni, zagi ba ya karya ƙashi."

Mama Halya, ke kika biya wannan shirun. Ke kika wanke ƙwan da aka jefa a ƙofarki. Ranar da matan coci suka taru naɗe perogi, ƙullin fulawa mai haɗi a ciki, na biki, teburinki ke kaɗai ce a kai. Ba ki taɓa ɗaure mini fuska ba, kuma ba na jin na taɓa gode miki a gaban mutane. Na gode, Mama.

Ya kasance mai ma'auni guda, kuma a nan ne daɗin ya ƙare mini. Bayan shekara bakwai, ina da talatin da huɗu, na yi wasannin kofi mafi kyau a rayuwata. Ƙwallo tara na ci. Gari na rera sunana, mutumin gidan man nan har hannu yake ɗaga wa Colette. Na zo ƙofa na miƙa dama da gadara, sai ya kama hannun a hankali ya sake. A nan na gane ya riga ya gama bincikensa.

Ranar Lahadi ya zo gida, domin ba ya sallamar mutum ta waya. Sai da ya cinye faranti biyu na girkin Colette tukuna, shi baƙin labari ba ya hana shi cin abinci. Sannan ya ce, "Ba zan sabunta ba, Gaudet." Na ce, "Haba Oga, tara fa na ci!" Ya ce, "Ina wurin, na gani. Na kuma ga yadda kake sauka daga bas, da baya da baya kamar kakata. Gwiwar nan ba za ta kai Kirsimeti ba, albashinka kuma na matasan 'yan wasa uku ne." Na ce, "Yanzu wasannin kofin ba komai ba ne?" Ya ce, "Da can ma ba komai ba ne. Lokacin da abin ya yi maka daɗi ai ba ka yi gardama ba." Colette ta zo ta ɗauke farantin daga gabansa.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba, kuma har yau akwai ɗan saura. Na sa hannu da wata ƙungiya can kudu mai nisa, inda ake fitowa daga filin ƙanƙara a tarar da rana na ƙona mota. Muka cire yara daga makaranta muka tafi. Gwiwa ba ta kai Kirsimeti ba.

Da na farfaɗo daga tiyata, ga Orest a kujera cikin ƙatuwar rigar sanyinsa, gumi na zuba. Na ce, "To faɗi, Oga, ka huta. Ka ce ka gaya mini." Ya ce, "Me zan faɗa? Gwiwa ta riga ni." Sannan ya ce, "Iyakar albashi 'yan wasa take ƙirgawa, ba ta ƙirga mai horarwa. Yaran nan uku da na saya da kuɗinka, ko ɗaya bai iya tare hanya ba. Idan ka iya tsayawa da sanda, ka zo ka koya musu. Tashi mu koma gida."

Mama Halya, Larissa, a garin nan 'ya'yana suka girma, a nan suka yi aure, jikata tana zaune a layi na uku. Mijinki ne, babanki ne, ya bi mu har can ya dawo da mu, alhali ba abin da ya wajabta masa.

Na gode muku da kuka saurare ni. Allah ya ba Orest hutawa ta har abada, ya sa a riƙa tunawa da shi da alheri, ya ba iyalinsa haƙuri, mu kuma ya ba mu ikon yi wa mutane adalci. Amin.