Tikitin da Ya Juya Hanya

A tashar Sokodé, wani dattijo mai fataucin shanu da wata matashiya mai rubuta manhaja suna kallon motar Dapaong tana cika.

"Gobe sunan jikata, tikitina kuwa ya ce daga Dapaong nake zuwa Sokodé. Direba ya ƙi ɗaukata."

"Baba, manhajar sayen tikitin bi da bi take karɓar garuruwa, mafari sannan masauki. Mu kuwa inda za mu muke fara faɗa. Da an haɗa kowanne da sunansa a cikin umarnin da ake ba ta, 'daga' da 'zuwa', ko an juya ba komai."

"Wane marar hankali ya rubuta ta?"

"Ba rashin hankali ba ne, gaggawa aka sa mu."

"Aka sa ku? To tashi, 'yata, ki yi wa direba bayani."

"Na yi, Baba. Ni ma tikitina a juye yake, ya ƙi ɗaukata."