Me Zan Ce wa Hanifa?

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, sannu da aiki. Maman Hanifa ce daga Hulme, Manchester.

Tsangwamar yara ta sa 'yata Hanifa ta daina cin abinci, sai na cire ta daga makaranta, nake koyar da ita a gida. Masu cewa doka ta hana, council sun sani.

Mun je suna Birmingham, ƙawayena suka tasa ta a gaba da tambayoyin lissafi har ta fashe da kuka. Suka ce, "Kin gani? Ba ta saba da mutane ba." Tun ranar suka hana 'ya'yansu zuwa gidanmu.

Jiya ta tambaye ni laifin me ta yi musu. Don Allah masu sauraro, me zan ce mata?