Daɓen Ƙofar Baba

A bakin layin da ake sabunta daɓen gefen titi, wani dattijo da wani mai gyaran famfo suna jiran motar haya.

"Dubi aikin banza," in ji dattijon. "Sun ɗaga daɓen ƙofar gidana har gwiwa. Motata tana ciki, ta kasa fita."

"Baba, ai na sauran gidajen daidai yake. Naka ne kaɗai ya yi tozo."

"To, ni na tsaya a kansu na ce su ƙara. In an yi ruwa, ya gangara gidan maƙwabcina, ɗan rainin hankalin nan."

"Ina maƙwabcin yanzu?"

"Ga shi can ya wuce a motarsa, ko gaisuwa babu."

"Kuma bai rage maka hanya ba? Kai, mutanen yanzu ba su san alheri ba!"