Mai-Kunne da Ɗakin da Ba a Buɗe Tagarsa

Mai girma shugaban ƙungiyarmu ta masu tayar da ƙananan jiragen sama na wasa, malamai, dattawan unguwa, mahaifiyar marigayi, uwargidansa, ƙaninsa da 'ya'yansa, da duk wanda ya bar aikinsa ya zo tsakar gidan nan, assalamu alaikum. Kujerar babban ɗansa ce kaɗai nake gani ba kowa, zan kuwa dawo kan maganarta.

Mai-Kunne muke kiransa, har wasunmu suka manta yana da wani suna. Ya kasance mutumin da za ka kai masa injin da bai fi dunƙulen hannu ba, ya tayar, ya lumshe ido, ya gaya maka ciwonsa kafin ka gama gaisuwa. Ya kasance yana koyar da kowa a fili kyauta, ko da mai taurin kai ne irina. Ya kasance ba ya yarda jirgi ya tashi sama da kan jama'a sai ya taɓa allurar mansa, wato ɗan sukurun da ke rage wa injin mai ko ya ƙara masa.

Na taɓa murɗa allurar nan har injina ya ɗauki wata siririyar murya mai daɗi. Ina ta washe baki, sai ya buge min hannu. Ya ce, "Kai, yunwa yake ji, kai kana tafi! Idan mai ya yi yawa, zai yi tari, ya tofa maka a riga, amma zai dawo gida. Idan ka ji muryarsa ta fi kullum daɗi, to ya kusa mutuwa. Koma baya kaɗan."

Sai dai ba a taru a yi ƙarya ba yau. Ya kasance idan zai saita inji, sai ya rufe ƙofa, ya rufe taga, ya cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofar, wai ƙarar titi da iska suna ruɗa masa kunne. Uwargida, ke ce shaida. Sau nawa kika buga kina cewa, "Malam, hayaƙin nan fa!" yana amsa miki, "Saura kaɗan"? Ranar nan ma haka ya ce miki. Da kika ji shiru, man tankin injin ne ya ƙare, shi kuma yana kife a kan teburin aiki. Likita ya ce hayaƙi ne.

Yanzu maganar kujera. Babban ɗansa ya gaji kunnen nan, ya kuma yi rantsuwa cewa jirgin da mahaifinsa ya bari bai gama saitawa ba zai tashi yau, a gabanmu. Ɗazu na roƙe shi ya fito da teburin waje. Ya ce min, "Baba, a waje ba na jin komai. Saura kaɗan."

Jama'a, ku yi shiru ku saurara. Wannan ƙarar da ke fitowa daga bayan gida tun da na fara magana, daga ɗakin nan take. Ku dubi tagar, a rufe take. Ni kam tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba.

Don haka na taƙaita. Mun gode wa kowa da kowa. Allah ya jiƙan Mai-Kunne, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya bai wa iyalinsa haƙuri, kada ya sake tara mu a gidan nan kan irin wannan. Amin.

Ƙanin marigayi, tashi mu je. Idan yaron bai buɗe ba, ka sa kafaɗa.